Minti Ɗaya

A Hsinchu iska ba ta hutu.
Tana busar da taliyar shinkafa a farfajiyar gidaje,
tana dukan tagarmu a hawa na bakwai,
inda mu arba'in da uku muke zana gari guda
a filin da bai kai farcen jariri ba.

Ba mu da maƙera, zane kawai muka iya:
unguwar lissafi nan, rumbun ajiya can,
ƙofofi ashirin da takwas,
agogo a tsakiya yana bugawa kamar zuciya.
In mun gama, mu miƙa wa masu narka yashi,
mu biya, mu jira wata huɗu,
jiran wanda ya binne iri ya ɗaga kai sama.

Tsoho Kuo, mai kamfanin, yakan ce:
"Shu-fen, hajarmu ba ta son ido.
Tana cikin fanka, tana cikin tukunyar lantarki,
tana cikin abin da kaka ke awon jininta da safe.
Ranar da aka tuna da mu, to mun yi ɓarna."

Shekarar da ƙwayoyin suka yi wuya,
manyan da ba sa amsa gaisuwarmu
suka zo da kwalin shayi, suka zauna a benci.
Waya ba ta huce ba.
Kowa ya nemi ninki uku don tsoro,
mu kuwa muka ɗauka yunwa ce ta gaskiya.
Da rumbunansu suka cika, sai tsit.
Miliyan tara a sito, cikin leda mai ƙyalli.
Wani ɗan Shenzhen ya zo tayi,
ya rage rabin sisi, ya kurɓi ruwa, ya sake ragewa.
Kuo ya sayar da motarsa, bai sallami kowa ba,
sai dai gahawar ofis ta koma tsararo.

Akwai abin da takarda kaɗai na gaya wa.
A zane na huɗu, ni na ja layin agogo.
Daren miƙa aiki, ƙarfe uku, ido na yaji,
na ga lamba ɗaya ta zauna a karkace.
Na ce gobe.
Gobe ta zo, faifan ya riga ya shiga wuta.
In zafi ya kai zafi, agogon na jan ƙafa,
minti ɗaya a kowace sa'a.
Muka rubuta shi a shafi na ɗari biyu da sha ɗaya,
da ƙananan haruffa, inda ba mai zuwa.

Jajibirin sabuwar shekara na hau jirgin ƙasa zuwa Chiayi.
Mama ta yi sabuwar tukunya, fara, mai araha.
Ta auna shinkafa, ta tsoma yatsa ta gwada ruwa,
ta danna.
Muka zauna ɓarar tafarnuwa, tana ba ni labarin maƙwabta.
Agogon bango ya cika. Tukunya shiru.
Na kama ƙirga a zuci,
hamsin da bakwai, hamsin da takwas, hamsin da tara,
sai ta yi kuka sau uku
da muryar da na zaɓa mata da kaina, wata Laraba da ruwa.

"Kullum sai ta makara," in ji Mama,
"kamar ke.
Amma ƙanzonta, tsohuwar ba ta taɓa yin irinsa ba."
Ta kankaro da cokalin katako,
ta tura min mafi yawa, kamar ina 'yar shekara shida.

Na ci. Yana da ƙamshin gashi, yana ƙara a haƙori.
A waje yara na harba wutar biki.
Tun watan jiya na daidaita layin nan,
zane na biyar na cikin wuta yanzu haka,
agogonsa ba ya saɓa alkawari ko da ƙiftawar ido.
Na duba bakinta yana tauna,
na rasa ta inda zan fara gaya mata
tukunya ta gaba ba za ta yi ƙanzo ba.