Littafi Biyu na Magatakarda

A Aboabo, bayan la'asar,
ƙarƙashin rumfar kwanon Alhaji Gariba,
muka zauna kan zancen kwata,
wadda ke biyo mu har gado duk daren da sama ta zubo.
Ni ne mai biro. Ba don na fi kowa ba,
rubutuna ne kawai ke karantuwa.

Na bi bakuna yadda suka buɗe,
na fari, na biyu, na uku,
kamar masu jiran mota a Kejetia,
kowa hancinsa a ƙeyar wani.
Gariba ya ce kuɗin bara sun tafi a siminti.
Inusa tela ya kawo ƙarar leda.
Wani ya tambayi inda shebur biyu suka kwana.
Liman ya yi wa magabata addu'a,
sai Mma Tabawa, da tun ɗazu take juya zancen siminti a kunci
kamar goro mai ɗaci,
ta ce: ƙarya ne.

Haka na sa. Ƙarya ne,
daidai ƙasan addu'ar Liman.
Ranar da na karanta wa jama'a,
mutum uku ne suka riƙe ɗan Liman.

Sai na sayi sabon littafi, sidi takwas,
na raba dare ina mai da kowace magana ɗakin uwarta,
amsa a gindin abin da ta amsa,
in ɗan tura ta ciki,
yadda ake zaunar da yaro a gaban babba.
Ƙarya ne ta koma ƙasan siminti,
ta haifi rantsuwa,
rantsuwa ta haifi rasit,
rasit ya tono wani bashi
tun Gariba na kai goro Ikko.
Reshe bisa reshe, kowanne na matsawa dama,
har takarda ta ƙure,
kalma ɗaya ke samun wurin kwana a layi,
sai ka ce ɗakin haya a Asawase.

Da asuba na ƙirga.
Kuɗi: amsa talatin da ɗaya.
Shebur: tara.
Ita kwatar da ta tara mu: biyu,
ɗaya ma gyaran murya ce.

An yaba. Ba wanda ya sake zagin addu'a.
Inusa ya nemi reshen leda,
ya karanta sunansa sau huɗu, ya rufe,
bai leƙa na maƙwabci ba.

Amma akwai maganar Baba Ɗantani.
Bai amsa wa kowa ba, ba kuma wanda ya amsa masa.
Yana kallon sandarsa ya ce:
jikan nan nawa da ta ɗauka,
da bana yana aji uku.

A tsohon littafi tana nan,
tsakanin shebur da leda,
bayanta fili ne, faɗin yatsa biyu,
inda biro ya tsaya mini,
da tabon ɗigo daga kwanon Gariba
da ya narkar da rabin kalmar aji.
Duk wanda ya zauna a wurin ya san tsawon filin nan.
Mai koko ma ta daina kaɗa ludayi.

A sabon littafi na rasa gindin da zan rataye ta.
Ba ta da uwa, ba ta da 'ya.
Shirun ma ba shi da reshe.
Na sa ta a bangon baya, kusa da jadawalin lissafi,
na ji kunya, na bar ta nan.

Duka biyun suna saman kwaba yanzu,
inda ruwa bai taɓa kaiwa ba.
Hadari na haɗuwa ta wajen filin jirgi.
Mma Tabawa ta aiko jikarta da tambaya:
wai wa aka rubuta zai fara shiga kwatar ran Asabar?

Na sauko da su, na duba wannan, na duba wancan.
Yarinyar na tsaye a bakin ƙofa,
takalmanta a hannu.