Wanda Ya Riga Kai Takarda

Babana, Ignatius Kaczmarek,
ba ya kwanciya sai ya rubuta kwanan wata.
Littafi mai baƙin bango, gefensa duk maiƙo,
kowane shafi da zanen kan famfo,
a ƙasa sa hannunsa, da na maƙwabci don shaida.
Yakan ce, “Dolores, wanda ya fara tunani shi ke da abu.
Littafin nan shi ne lauyana.”

Shekara tara yana kokawa da zoben roba guda
wanda sanyin Sheboygan ba zai tsage ba
ko da bakin tafki ya daskare ya koma dutse.

Sai doka ta sake riga.
Aka daina tambayar wa ya fara,
sai wa ya riga kai takarda ofis.
Bai ce uffan ba. Ya rufe littafin,
ya ɗora masa kofin shayi.
Bazara biyu bayan nan muka binne shi.

Ran wata Talata wasiƙa ta zo daga Texas,
daga kamfanin da ba shi da inji, ba shi da hayaƙi,
sai ƙofa da allon suna.
Wai zoben nasu ne, mu biya ko mu haɗu a kotu.
Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Lauya ya faɗi farashinsa, na ƙirga da yatsu:
albashin mutum huɗu ne, na shekara.
Na kira Pao Vang bayan an tashi,
mutumin da ke gane ciwon inji da kunne kawai.
Bai bari na gama magana ba,
ya cire safar hannu, ya jera su a kan benci
kamar gobe zai dawo.

Abin da har yau ban iya haɗiyewa ba:
dokar da ta mai da littafin babana matashin kofi
ita ce ta buɗe mini wata ’yar taga.
Muka kai takardarsu gaban masu bita
da wani tsohon kundin tallan kaya da ɓera ya ci kusurwarsa,
zoben na ciki, shafi na arba’in da ɗaya,
tun kafin su san ana yin famfo.
Wata goma sha takwas, aka soke ta.

Mun ci, in ji lauya.
Pao yana naɗe cuku a wata masana’anta yanzu,
ya ce kunnensa ya huta.
Inji na uku na lulluɓe da tamfol.

A Washington an ce za a sake gyara.
Su gyara.
Ni dai daren jiya wata dabara ta faɗo mini,
na buga wa lauya tun kafin gari ya waye,
sannan na ɗaga kofin, na buɗe sabon shafi,
na rubuta kwanan wata.
Ba wanda zai tambaya.