Kujerar Gaba

Ƙarfe shida saura kwata, tashar Heron Quays.
Ruwan tsohuwar mashigar jirage baƙi ƙirin,
benaye sun tsoma ƙafa a ciki
ba su ko ji sanyi ba.

Dorota ta sauko daga hawa na talatin da ɗaya,
hannunta na warin sabulu.
Ta kwashe jiyan wasu cikin baƙar leda:
kofunan gahawa, ɓawon ayaba,
takarda mai sifili tara da aka yaga biyu.

Jirgin ya iso, ba direba, ba sallama.
Ƙofa ta wage baki, ta zubo kwat da naktaye,
kowa idonsa a tafin hannunsa,
farashi na hawa, farashi na gangara.
Ba wanda ya ga ta kauce masa.

Kujerar gaba ba kowa.
Nan ɗanta Wojtek ke zama ran Lahadi
yana murza sitiyarin iska.
Ta zauna. Ta zare takalmi ɗaya.

Dogo ya lanƙwasa bisa ruwa,
gari ya taso mata ta gilashi.
Kuɗin duniya na bayanta,
amma daga nan har Lewisham
ita ke da tuƙi.