Mu Uku Daga Tawa

Mun sauka Ƙofar Ruwa da la'asar sakaliya,
mu uku daga Tawa, ƙafafu sun kumbura.
Nomau ya rungume jaka kamar jinjiri,
Tankari na tambayar kowa ina ne gabas,
ni kuwa na saki baki ina kallo.

Harshe ɗaya ne, amma kunne ya yi baƙunta.
Na ce wa mai shayi, “Shayin ga nawa na?”
Ya yi dariya har madara ta zube:
“Mutanen Nijar! Ga benci, ku zauna.”
Ya ƙi karɓar ko sisi, wai shayin baƙo.

A Wapa muka canza sefa.
Takarda huɗu muka miƙa, aka ba mu dami.
Nomau ya lashi yatsa, ya ƙirga sau uku,
ya ce daga yau a kira shi Alhaji.
Kafin isha'i ya gane damin kara ne ya zaci gero.

Da safe muka cusa kai cikin a-daidaita-sahu.
Yaron da ke ja ba ya ga maciji da birki.
Tankari, da ya taɓa kwana uku a Tenere ba ruwa,
ya runtse ido yana salati,
ya riƙe gwiwata, ya ce ba wai tsoro.

A Kantin Kwari muka ɓatar da shi.
Atamfa bisa atamfa har rufi,
shadda na ƙyalli, 'yan dako na “hanya! hanya!”
Wayarsa ba ta jin yaren ƙasar nan.
Muka bi layi tara muna kiran sunansa,
ashe yana gindin wata rumfa, baki duk ƙuli,
gurasa ta uku a hannu,
yana ba mai ita labarin wani dogon zango.

Kurmi kuwa ba a shiga da gaggawa.
Lungu na haifar lungu,
ƙamshin kanumfari, warin jima, hayaƙin turare.
Can ƙurya na ga sirdin raƙumi irin namu,
ya tsufa a rataye, ba mai taya shi.
Mai shagon ya ce kakansa daga Abalak ya zo da gishiri,
ya ce gobe zai koma, bai koma ba.
Ya ɓare mana goro.

Ni dai Ƙofar Mata ta kawo ni.
Kakata Gaishe tana da wani baƙin zane a ƙasan adaka,
ta ce a nan aka rina shi, shekarar fari.
Na tarar da rabin marinar an cike da toka,
sai wani tsoho, hannu shuɗi har gwiwa.
Na tsoma ɗan yatsa a baba ban nemi izini ba.
Ya dube ni, bai ce komai ba,
ya gyara mini zama a bakin karofi, kamar mun yi sabo.

A garinmu dala kuɗi ce, tamma biyar,
ko ashana ba ta saye.
A nan sai da muka huta sau biyu kafin mu kai kanta.
Kwano mai tsatsa har iyakar gani,
hasumiya nan, hasumiya can,
sai kiran magariba ya tashi ta ko'ina lokaci guda,
wani na kamawa kafin wani ya dire.
Nomau ya juya arewa, ya daɗe shiru.
Ya ce, “A ina suke ɗaure awakinsu?”
Muka yi dariya, muka sauko.

Dare a Fagge, ɗaki ɗaya, tabarma biyu.
Wuta ta ɗauke, injin maƙwabta ya ɗauka.
Tankari na minshari, Nomau na sake ƙirga abin da ya rage.
Na kunna fitilar waya, na duba yatsana:
har yanzu shuɗi ne.
Na bar shi haka, ina korar sauro.