Ɗinkin Bahago

Asabar ce, Landan ta tashi da yayyafi,
irin wanda ba ya cika kwano amma ya ratsa ƙashi.
Na ce, "Gwaggo Tabawa, yau gidajen tarihi za mu."
Ta ce, "Nawa ne kuɗin ƙofa?"
Na ce kyauta ne.
Ta ɗaura kallabi bisa hular sanyi,
ta ce, "Kyauta a garin da ake sayen ruwa?
To, mu je mu gani."

A jirgin ƙarƙashin ƙasa ta rungume sandar ƙarfe,
tana ƙirga tasha da ƙwayar casbaha.

Gida na farko, ƙasusuwa.
Ƙashin wani kifi rataye a sama,
tsawonsa ya fi zauren mai unguwarmu har da dakali.
Ina karanta mata shekaru da nauyi,
ita kuwa ta ɗaga kai har kallabi ya zame,
ta ce, "Wa ya cinye naman?
Allah ya sa an ɗiba wa maƙwabta."

Gida na biyu sai da muka bi layi.
A bene, wani bawan Allah kwance cikin gilashi,
ya shekara dubbai bai samu kabari ya huta ba,
yara na ɗaukarsa hoto suna tura juna.
Gwaggo ta kau da ido.
"Ba shi da dangi ne?"
Na ga leɓenta yana motsi,
na raɗa mata, "Ba a san ma abin da yake bauta wa ba."
Ta ce, "Mutuwa dai ta san shi."

Gwiwa ta fara yi mata magana,
na ce mu tafi, ta ce saura ƙasa.
Muka gangara ɗakin da hasken ya yi laushi,
ganguna da babu mai kaɗawa,
wuƙaƙe da suka manta da nama,
can a lungu
sai ƙwarya.

Ƙwarya dai, ƙwarya,
mai tsaga daga baki zuwa gindi,
an kama tsagar da ɗinki.
Numfashinta ya yi hazo a jikin gilashin.
"Me suka rubuta?"
Na ce, "Daga arewacin Najeriya. Ba a san mai ita ba."
Ta yi tsaki a hankali, kamar a masallaci.
"Su ne ba su sani ba.
Dubi yadda zaren ya kwanta, gyartan nan bahago ne.
Dubi shatin baki, nono ta sha, ba hatsi ba.
Sau biyu ta faɗi, ga ƙaramar tsagar a gefe.
Matar ba ta da wata,
shi ya sa ta kai gyara ba ta kai juji ba.
In ta rasa ta da safe, yaya ta yi da tatsa?"

Mai gadi ta matso da murmushi,
ta nuna mana layin da ba a tsallakewa.
Gwaggo ta ja da baya taku ɗaya,
hannunta bai sauka ba.

Shekara goma sha ɗaya ina garin nan.
Sau uku na wuce ta gaban akwatin nan da baƙi,
ina karanta takarda da ƙarfi, ina gyara lafazi,
ban taɓa ganin zaren ba.

A bas ta ɓare dabino biyu, ta ba ni ɗaya.
Kogi ya wuce ta taga, launin tokar murhu.
Gyangyaɗi ya fara ɗaukarta,
kanta a kafaɗata,
sai na ji ɗan yatsa yana lalube a hannun rigata,
inda ɗinki ya sake tun bara,
rigar da na ce Litinin zan zuba a shara.

Ido a rufe ta ce,
"Gidan nan naka, akwai allura kuwa?"