Kwaɗo a Bakin Randa

Ƙarfe biyun dare a Mabera.
Janareton maƙwabta ya gaji ya yi shiru,
saura ni da fanka mai cajin rana,
da allon kwamfuta yana kallona kamar mai bin bashi.

Kwana tara ina farautar kuskure guda.
Manhajar da muka gina wa dillalan albasa na Kara,
mai ɗaure saƙon kuɗi da sirri kafin ya hau hanya,
sau ɗaya cikin dubu arba'in
takan haifi ɗa mai uwa biyu:
kan saƙon Alhaji Arzika,
wutsiyar saƙon wani can a Gada.

In na zuba ido ba ya zuwa.
In na juya shan ruwa, ya gifta.

Randa guda muka aje a ƙwaƙwalwar injin,
cikinta baiti dubu sha shida.
Duk abin da ya sauko daga waya
nan yake jira a kwance masa ɗauri.
Zare biyu ke aiki a kanta.
Zare muke ce musu, amma 'yan aike ne masu gaggawa,
ɗaya na zubi, ɗaya na kwasa,
ba mai yi wa wani sallama.
Mai kwasa bai kai gindi ba
mai zubi ya tuttulo sabo a kai.

Sai na sa kwaɗo a bakin randa,
na sa wani a akwatin makullan sirri,
na yi miƙa na ce an gama.

Minti ashirin, komai ya sandare.
Ba ƙara, ba jan rubutu, ba ko tari.
Wannan ya riƙe randa yana jiran akwati,
wancan ya rungume akwati yana jiran randa,
amalanke biyu a lungun Tsohuwar Kasuwa,
goshi da goshi,
kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja baya,
kuma haka za su kwana, su shekara,
in ba a zare musu wuta ba.

Modi ya turo daga Arkilla: ka kwanta mana.
Ban amsa ba.

Inna Ige ce ta faɗo mini, Allah ya jiƙanta.
Jikoki sha ɗaya a tsakar gidanta, moɗa ɗaya.
"Hwaihwai za a hwara ɗauka, kannan moɗa,
kowa haka, babba da yaro.
Wanda ka riƙe da ita shi ka sha, saura ku tsaya.
Kak ka tai da ita bakin ƙohwa kana hira,
mutane na da ƙishi."
Da rankwashi muka haddace.

Na koma kan layukan a hankali.
Randa tukuna, sannan akwati, ga kowane zare,
ko da sauri yake, ko da saƙon miliyan.
Wanda zai tsaya jiran amsa daga nesa
ya saki kwaɗo kafin ya tsaya.
Baƙon saƙo in ya ce tsawona kaza,
ban ɗauki maganarsa ba sai na auna;
in ya fi randa, ya koma inda ya fito,
don abin da ya malala ƙasa
ɓarawo ne ke lasa.
Bayan an sha a ɗauraye:
sifili bisa sifili a gurbin da makulli ya kwana.

Layi bakwai kacal na taɓa.

Na saki saƙon gwaji miliyan biyu,
suna shiga, suna fita, kowa da wutsiyarsa.
Dubu ɗari huɗu. Dubu ɗari biyar.
Ban yarda ba tukuna, ya taɓa yi mini lamɓo.
Anjima Arzika zai biya kuɗin buhu sittin,
ya soke waya a aljihu, ya ci gaba da ciniki,
bai san sunana ba.

Ladan ya kira assalatu.
Na bar injin yana ƙirga, na sauko.
A ƙofar masallaci buta ɗaya ce mai ruwa,
mutum uku a gabana.
Na tsaya.