Amsar Mai Jirgin Miyajima

Baƙo ya shimfiɗa taswira a gabana,
yatsansa na yawo kan tsibiranmu,
ya ce, "Baba Tokuji, kwana tara gare ni a Japan,
ina ne ya fi cancantar zuwa?"

Na yi dariya har igiya ta kuɓuce mini.
Shekara talatin da huɗu ina kan ruwan nan,
minti goma zuwa, minti goma dawowa.
Yaro, kifin rijiya ka samu
kake tambayarsa faɗin teku.

To amma zauna, tunda ka tambaya.
Ka ga jar ƙofar can tsaye a ruwa?
Ba gida a bayanta, ba katanga a gefenta.
In teku ya cika sai ka rantse iyo take yi.
Kada ka yi gaggawa, jira ya janye,
ka tuɓe takalmi, ka taka laka,
ka dafa ginshiƙinta da tafin hannunka.
Sanyin itacen nan, da gishirin da ya sha,
hoto ba ya iya ɗaukowa.

Dutsen Fuji kuwa, sau ɗaya na gan shi,
ta tagar jirgin ƙasa mai gudun harsashi,
ran da muka tafi Tokyo bikin ɗanmu.
Fumie ta zungure ni daga barci,
ina lalubar tabarau a aljihu,
gajimare ya riga ni, ya lulluɓe rabinsa.
Rabin da ya bar mini, fari fat kamar an yayyafa gari,
har yau ban gama kallonsa ba.

Kyoto sai dai abin da fasinjoji suka faɗa mini:
wai akwai ɗakin ibada da aka shafe da zinariya,
yana leƙa fuskarsa a kududdufi,
da kurmin gora mai kuka in iska ta ratsa.
Sun ce a yi sammako,
kafin motocin 'yan makaranta su iso.
Furen sakura ka makara,
mako guda yake yi, ba ya jiran mai biza.
Kaka ce yanzu, ka yi haƙuri da jan ganye,
shi ma ba kanwar lasa ba ne.

Juya ka dubi ƙetaren can.
Hiroshima ke nan, ba nisa.
Akwai gini guda da aka bari da ƙasusuwansa a waje.
Yayar mahaifiyata ta fita da safe sayen zare,
ta ce a ɗora ruwan shayi, yanzu za ta dawo.
Je ka tsaya a bakin kogin.
Cire hula. Ba sai ka ce komai ba.

In kuma shawarata kake so ta gaskiya,
bari jirgin ƙarshe ya tafi ya bar ka.
Masu tutoci da jagororinsu sun watse,
mai gasa kawa na kashe garwashi,
fitilun dutse na kamawa ɗaya bayan ɗaya.
A irin wannan lokacin Fumie ke tsayawa a gaɓa
da shayi a gora, da mayafi don wuyana.
Shekara uku ke nan gurbinta ba kowa,
amma idona can yake fara sauka.
Wannan ba ya cikin taswirarka.

Muka iso. Na ɗaure jirgi, na miƙa masa hannu.
Ya sauka yana ninke takardarsa a hankali,
bai ankara ba, wata barewa marar kunya
ta miƙo wuya ta fizge ta,
ta cinye Tokyo, ta fara taunar Kyoto.
Ya dube ni. Na ce, "Ƙyale ta,
ta rage maka hanya."